'Ya'yana sun girma, kowa da inda yake so: ina za mu je hutun Agusta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni uwa ce a Kano, na yi ritaya daga aikin koyarwa, maigidana ma ya ajiye aiki. 'Ya'yanmu huɗu duk sun girma. Babban yana aiki a Abuja, da matarsa da yara biyu ƙanana. Mai bi masa ma'aikaciyar jinya ce, tana gidan mijinta. Na uku yana karatu a Ingila, zai dawo hutu a watan Yuli, autar kuma tana bautar ƙasa. Rabon da mu kwana gida ɗaya tun bikin ta biyun. Muna so mu fita mako guda a watan Agusta. Alhaji ya ce Umara, babban ya ce Dubai, mai jinya ta ce Yankari, auta ta ce ita dai ta ga teku. Wata biyu ke nan ana musu a zauren WhatsApp na gida, har wasu sun yi shiru. Ina za mu je?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya zuri'a, ya ƙara haɗa kansu. Na ƙirga ku da surukai da jikoki, ku goma ne, manya takwas, yara biyu. Na daɗe ina shirya wa iyalai tafiya, kuma shirun da wasu suka yi a zauren nan ya fi musun ɗaukar hankalina. Wanda ya yi shiru, sau da yawa ba wurin ne bai yi masa ba. Ko dai bai san yadda zai ce aljihunsa ba zai ɗauka ba, ko kuma bai tabbatar za a ba shi hutu a wurin aiki ba.

Don haka ki ajiye sunan gari tukuna, ki fara da ranaku. Lokacin da suke firamare, Alhaji ne ke cewa ranar kaza za a tafi, a zuba su a mota. Yanzu kowannensu yana da shugaba a sama da shi. Mai jinya tana da jadawalin aiki wanda sai ta nemi musanya tun da wuri. Auta kuwa, mai bautar ƙasa ba ya fita waje sai da izinin hukuma a rubuce, kuma akwai tantancewar wata-wata da ba ta son ta kuɓuce mata. Kowa ya kawo ranakun da ya tabbatar, ba waɗanda yake sa rai ba. Za ki ga makon nan ya koma kwana biyar, kuma kwana biyar ɗin ne zai zaɓa muku wuri.

Sai kuɗi. Wannan ki yi shi a bayan fage, ɗaya bayan ɗaya, ba a zaure ba. Abin da na ga ya fi zama lafiya shi ne iyaye su ɗauki masauki da abincin dare, kowane mai albashi ya sayi tikitinsa da na iyalinsa, a haɗa wa ɗalibi da auta. Mijin 'yarki kuwa kada a biya masa ba tare da an ji ta bakinsa ba. Akwai surukin da zai gwammace ya zauna a gida da a ce baban matarsa ne ya saya masa tikiti, kuma ba zai taɓa faɗa miki haka ba.

Yanzu wuraren da aka ambata. Abin da Turawa ke kira lokacin zafi, wanda ɗanki na Ingila yake samun hutu a cikinsa, a wurinmu tsakiyar damina ne, a ƙasashen Larabawa kuma tsakiyar wuta. Wannan kaɗai ya tace rabin jerin.

Dubai a Agusta zafi ya kan haura digiri 40, ga laima a iska wadda ke sa mutum ya jiƙe kafin ya kai bakin mota. Otal-otal suna sauke farashi a lokacin, shi ya sa ake ganin kamar garaɓasa ce, amma hutun zai ƙare ne a cikin manyan kantuna, daga sanyin wannan zuwa sanyin wancan. Ga neman biza ga mutum goma, inda idan aka hana ɗaya tafiyar ta gurgunce.

Umara kuwa ba abin da za a ce a kanta sai alheri, kuma na fahimci Alhaji. Sai dai Makka ma a Agusta tana haura digiri 40, kuma Umara ibada ce, wanda ya je yana so ya ba ta dukkan lokacinsa. Da jikoki biyu ƙanana, matar babban za ta yi kwanakin ne a ɗakin otal tana raino. Shawarata, yaran su yi wa ke da Alhaji alkawarin Umara a lokacin sanyi, Disamba ko Janairu, su fara tara kuɗin tun yanzu. Idan aka faɗa masa haka a gaban kowa, ba zai ji an ture maganarsa ba.

Yankari ina son ta, kuma ita ce mafi sauƙi a aljihu: babu fasfo, babu biza, daga garin Bauci tafiyar kilomita kusan 110 ce, a bi hanyar Gombe a karkata a Dindima. Tun 1962 aka buɗe ta ga masu ziyara, kuma ruwan Wikki, maɓuɓɓugar da ake wanka a cikinta a gandun dajin, bai sauya hali ba, ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Amma a Agusta ciyawa ta yi tsayi, kowane kwari ya tara ruwa, dabbobi ba su da dalilin gangarowa kogin Gaji. Za a iya zagaya daji awa biyu ba a ga giwa ba, sai sawunta. Waɗanda ba sa fashi su ne birai, masu shiga ɗaki idan an bar taga a buɗe, su ɗauke ledar burodi a gaban mai ita. Lokacin ganin dabbobi rani ne, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu. Akwai kuma abin da ba a faɗa: babban abin yi a can a damina shi ne shiga ruwa, kuma surukarki ba za ta shiga Wikki Alhaji yana zaune a bakin ruwan ba.

Wannan maganar kunya ita ce nake so ki fi riƙewa, don ita ce ke kashe irin wannan tafiya ba tare da kowa ya ɗaga murya ba. Na taɓa shirya wa wani gida tafiya, uban ya dage sai gida ɗaya mai falo ɗaya, don a cewarsa an zo ne a zauna tare. Matar ɗansa ta yi kwana uku da hijabi tun daga asuba har dare. Idan aka zuba abinci sai ta ce ta ƙoshi, sai kowa ya kwanta ta lallaɓa kicin ta ci ragowar shinkafa a tsaye. Rana ta huɗu ta ce kanta na ciwo, ta rufe ƙofa. Babu wanda ya yi mata laifi, tsarin masaukin ne ya yi. Saboda haka duk inda za ku je, ku nemi wurin da kowane ma'aurata ke da ɗakinsu da banɗakinsu da ƙofar da za su rufe, ko gidaje biyu a jere, sannan wuri ɗaya na haɗuwa. Kuma ya zama gari ne da za a iya watsewa da rana, kowa ya bi abin da yake so, a haɗu kan tabarma ɗaya bayan magariba.

Da wannan ma'aunin, in ni ce zan zaɓa muku, Ghana za ku je, Akara da bakin tekun yammacinta.

Dalili na farko yanayi. Kudancin Ghana damina biyu yake yi: babba daga Afrilu zuwa tsakiyar Yuli, ƙarama daga Satumba. Agusta ya faɗo a tsakaninsu, kuma shi ne watan da ya fi sanyi a Akara, sama a lulluɓe, ruwa kaɗan, zafin rana bai cika wuce digiri 28 ba. Dattijo zai iya yawo da ƙafa da azahar. Na biyu, mai fasfon Najeriya ba ya neman biza, ƙasar ECOWAS ce, kuma daga Legas tafiyar kamar awa guda ce a jirgi, daga Abuja ma ana tashi kai tsaye. Kwana biyar ɗinku ba zai ƙare a filin jirgi ba.

Na uku shi ne wanda zai jawo Alhaji. Bakano ba baƙo ba ne a Ghana. Kakanninmu fatake sun yi ta bin hanyar Gwanja da jakuna, su kai kanwa da tufafi da fatu kasuwar Salaga, su dawo da goro. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da yawa suka watsu zuwa Kumasi da Akara da wasu garuruwa, unguwannin zango suka ƙara cika. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, a wannan fataucin goron ya kafa dukiyarsa, yana ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Legas. Yau idan kika shiga Nima ko Sabon Zango a Akara, da Hausa za ki yi ciniki, Hausa mai ɗan karin harshe daban wadda jikokinki za su yi ta kwaikwayo har a dawo gida. Da safe ga koko da ƙosai a bakin titi. Shinkafa da waken da suke alfahari da shi, waakye, sunan daga bakinmu ya fito, haka ma tuwon zafi. Abincin halal ba zai zama abin nema ba. Ku daidaita tafiyar ta haɗa da Juma'a, Alhaji da mazan su yi salla a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, ginin Turkawa mai kubbobi da dogayen hasumiyoyi.

Auta kuma za ta ga tekunta. Daga Akara zuwa Cape Coast kilomita kusan 150 ne, awa uku a mota idan hanya ta yi kyau, fiye da haka idan cunkoson Kasoa ya kama ku, don haka ku fita da sassafe. A can akwai tsohon gidan da aka tsare bayi kafin a loda su a jirgi, kusa da shi kuma na Elmina wanda 'yan Fotugal suka gina a 1482. Ba wurin wasa ba ne. Ɗakunan ƙasa duhu ne da ƙunci, mutane kan fito jikinsu a sanyaye, kuma ban ga amfanin shigar da ƙananan yara ba. Wata ta zauna da su a waje suna kallon masunta na jan kwale-kwale. Kamar kilomita 30 arewa da Cape Coast akwai dajin Kakum, mai gadojin igiya bakwai da aka rataya a saman bishiyoyi. Wannan na matasan ne. Ke da Alhaji ku zauna a ƙasa ku sha ruwan kwakwa, ku ji ihun babban ɗanki da ya ce ba ya tsoron komai.

Ba zan ɓoye miki aibunta ba. Akara gari ne mai tsada, musamman masauki, kuma idan aka juya naira zuwa sidi mutum zai ji a jikinsa. Gidan haya mai kicin ya fi otal sauƙi ga mutum goma, a riƙa dafa karin kumallo a gida. Tekun nan kuma ba rafi ba ne, igiyarsa tana da ja, a Agusta ruwan ma da sanyi. Wanda iyonsa na kududdufin unguwa ne ya tsaya iya gwiwa, jikoki kuma hannu a hannu. Kada kuma wani ya ce a ƙarasa arewa a ga masallacin Larabanga ko gandun dajin Mole. A can Agusta damina ce sosai kamar tamu, kuma nisan zai cinye kwana biyu.

Idan aka tashi lissafi aka ga kuɗin fita waje ba zai haɗu ba, kada a ci bashi. Ku kama gida a Abuja kwana uku kusa da babban, ko ku ɗaga Yankari zuwa hutun ƙarshen shekara idan na Ingila zai iya dawowa. Zumunci a ƙafa yake, ba a ce sai da hatimin fasfo ba.

In kuwa an amince da Ghana, abu biyu ne ba sa jira. Kowa ya ɗauko fasfonsa yau ya duba ranar ƙarewa, a tabbatar da sauran aƙalla wata shida, jikokin ma kowanne da nasa. Sannan katin rigakafin zazzaɓin shawara (yellow fever), wanda ake tambaya a filin jirgi. Allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, amma ga wanda zai yi ta farko sai bayan kwana 10 katin yake fara aiki, don haka ba abin da za a bari sai ana gobe tafiya ba ne.

A zauren kuma, kada ki sake tambayar “ina kuke so”. Ki fara samun Alhaji ku gama magana, ki kira waɗanda suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, sannan ki rubuta wuri biyu kawai da ranakunsu da abin da zai hau kan kowa, ki ba su zuwa Juma'a. Sayen tikiti ki ɗora wa babban, neman masauki ki ba surukarki da mai jinya su biyu, don su suka san irin ƙofar da suke so su rufe.