Tambaya da Amsa: Rubutun Neman Gurbi a Jami'a

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Jami'ar da nake nema ta ce in bayyana dalilin da ya sa na zaɓi injiniyancin lantarki, cikin kalmomi 250. Na fara da cewa tun ina ƙarami nake son fannin. Malaminmu ya ce in goge wannan, bai kuma gaya mini dalili ba. Mene ne laifinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malaminka ya yi maka gata. Jimlar nan ba ta ɗauke da hujja, domin wanda bai taɓa kunce ko soket ba ma zai iya rubuta ta. Mai tantancewa abu uku yake nema: me ka yi, me ka gano, me kake son ƙara sani.

Ga yadda za ka raba kalmomin. Kamar 90 su tafi a kan abu guda da ka yi da hannunka ko ka bincika da kanka. Kamar 50 a kan tambayar da aikin ya bar maka. Kamar 70 a kan abin da wannan sashe yake koyarwa da zai amsa tambayar. Ragowar 40 na burin aiki ne.

Misali, a maimakon "ina matuƙar sha'awar lantarki", a ce ka haɗa fitila mai aiki da hasken rana, batirin ya lalace da wuri, ka bi diddigi ka gano cewa ka jona faifan hasken ranar da batirin kai tsaye, babu na'urar daidaita caji. Aikin bai yi nasara ba, amma ya fi ƙarfi a takarda, domin ya nuna yadda kake tunani idan abu ya ƙi. Daga nan ka buɗe shafin sashen a intanet, ka duba jerin darussan kowace shekara, ka ambaci ɗaya ko biyu da suka shafi matsalar. Kafin ka tura, cire sunan jami'ar ka sa na wata. Idan rubutun ya zauna daram babu abin da ya motsa, ba ka yi bincike ba tukuna.

Tambaya: Malam, ni har yanzu ban tsayar da fanni ba, zuciyata na tsakanin ilimin tattalin arziki da lissafi. In faɗi gaskiya ko in zaɓi ɗaya kawai?

Amsa: 'Yar uwa, amsar ta danganta da ƙasar da kike nema. A Amurka jami'o'i da dama suna karɓar ɗalibi bai tsayar da fanni ba, galibi sai wajen ƙarshen shekara ta biyu ake buƙatar ya bayyana. A can faɗin gaskiya ba laifi ba ne, muddin kin nuna abin da ya haɗa fannonin biyu a wajenki. "Ban sani ba tukuna" rauni ne. "Ina son fahimtar yadda ake auna hauhawar farashi, ban dai tantance ko ta ƙofar lissafi zan shiga ko ta tattalin arziki ba" magana ce ta mai alƙibla. Sai dai ki lura, a wasu jami'o'in can, fannoni irin su injiniyanci, aikin jinya da kimiyyar kwamfuta tun daga farko ake neman su, komawa cikinsu daga baya yana da wuya.

Birtaniya daban take. Kwas ɗin kike nema kai tsaye ta hanyar UCAS, hukumar da ke karɓar takardun neman gurbi a jami'o'in ƙasar, kina da zaɓi har biyar, kuma rubutu ɗaya ne yake zuwa wa dukansu. Saboda haka kada ki ambaci sunan wata jami'a a ciki. Tun daga masu shiga a 2026, an raba rubutun zuwa tambayoyi uku: me ya sa kike son kwas ɗin, yaya karatunki ya shirya ki, me kika yi a wajen makaranta don shiri. Jimillar haruffa 4,000 ne har da sarari tsakanin kalmomi, kowace amsa kada ta gaza haruffa 350. Fannoninki biyu maƙwabta ne, akwai ma kwasa-kwasan da suka haɗa su, don haka rubutu ɗaya zai ɗauke su. Da likitanci da tarihi ne, da aiki ya same ki.

Tambaya: An ce in rubuta burina na aiki. Na rubuta cewa ina so in zama likita in taimaki al'umma. Ya isa? Kuma idan na canza ra'ayi daga baya za a kama ni da laifi?

Amsa: Ba za a kama ka ba, rubutun ba yarjejeniya ba ce. Tallafin karatu mai sharaɗi ne kawai yake ɗaure mutum, shi kuwa sai ka karanta takardarsa kafin sa hannu.

Amma abin da ka rubuta bai isa ba. Muƙami ka ambata, ba aiki ba. Wace matsala ce ta dame ka? Ciwon suga, lafiyar mata masu juna biyu, ko ƙarancin likitoci a karkara? Zaɓi ɗaya, ka faɗi inda kake son fara aiki bayan kammalawa, sannan inda kake hange nan da shekara goma. Jimla uku ko huɗu sun wadatar.

Kuskuren da ya fi kayar da masu nema shi ne rashin sanin hanyar sana'ar. A Amurka ba a karanta likitanci ko lauya a digirin farko, sai an gama shi ake neman makarantarsu. Wanda ya rubuta wa jami'ar can cewa zai fara likitanci a shekarar farko ya tona wa kansa asiri. A Birtaniya kuwa ana shiga likitanci kai tsaye, amma ana rufe karɓar takardunsa ranar 15 ga Oktoba, tare da na Oxford da Cambridge, watanni kafin sauran.

Tambaya: Ɗana ba gwanin rubutu ba ne. In rubuta masa, ko ya yi amfani da manhajar ƙirƙirarriyar basira?

Amsa: Yallaɓai, ko ɗaya ba mu ba da shawara ba. Muryar babba ba ta ɓuya a takardar ɗan shekara 17, kuma idan akwai ganawar baki, daga abin da ya rubuta za a iya yi masa tambaya. UCAS tana bin rubuce-rubuce da manhajar gano kwafi, ta sanar da jami'o'in idan ta ga kama. Taimakon da ya dace shi ne ku zauna, ku yi masa tambayoyi a kan abin da ya yi, shi ya rubuta amsoshin da kansa. Ya ajiye daftarin kwana biyu, ya karanta da babbar murya, ya yanke duk jimlar da ya sarƙe a kanta. Idan ta Common App yake nema, wato shafin neman gurbi na bai ɗaya da jami'o'in Amurka da dama ke amfani da shi, babban rubutun, mai iyakar kalmomi 650, labarin kansa ne. Bayanin fanni ya bar shi ga gajerun tambayoyin da kowace jami'a take ƙarawa, kada ya maimaita labari ɗaya a wuri biyu.