Fatawa: Na bi bakin mawaƙi a siyasa, alhakin a kan wa yake?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni matashi ne, ina kabu-kabu a nan Damagaram, gidanmu a Garin Malam. Akwai mawaƙin da nake ƙauna tun ina yaro, ina bin sa a TikTok da Facebook, kuma a maganar ƙasa duk inda ya sa gaba nan nake bi. Kwanan baya ya saki bidiyo yana kiran wasu mutane maciya amanar ƙasa, har da sunayensu, ni kuma na tura wa ƴan fadarmu da zauren WhatsApp na dangi. Yayana ya ce na ɗauki alhaki, muka yi cacar baki, yanzu ko gaisuwa ba ta haɗa mu. Abokaina sun ce babu ruwana tunda ba ni na faɗa ba, kuma bin wanda ya fi ka sani halal ne, kamar yadda ake bin malamai. Malam, laifin na wa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗana, Allah ya yi maka albarka.

Yayanka ya fi abokanka gaskiya. Mawaƙin yana da nasa kason, kai ma kana da naka, kuma nasa ba ya rage maka komai. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda ya yi kira zuwa ga ɓata yana da zunubi kwatankwacin na waɗanda suka bi shi, ba tare da an rage komai daga zunubansu ba. Abokanka sun riƙe farkon hadisin, sun saki ƙarshensa. A Suratul Ahzab, aya ta 67, Allah ya ba da labarin masu cewa: ya Ubangijinmu, mun bi shugabanninmu da manyanmu, suka ɓatar da mu daga hanya. Suna faɗin haka ne a cikin wuta, uzurin bai fitar da su ba. Ayar a kan kafirai ta sauka, kuma ba ina jera ka da su ba ne, Allah ya kiyaye. Ƙa'idar da ke cikinta ce ta game kowa: "wane ne ya ce" ba hujja ba ce ranar hisabi. Suratul Isra'i, aya ta 36, ta ce kada ka bi abin da ba ka da ilimi a kansa, domin ji da gani da zuciya duk za a tambaye su. Kunnenka za a tambaya, ba na mawaƙin ba.

Maganar cewa ana bin malamai kuwa, gaskiya ce da aka ɗora a inda ba wurinta ba. Shari'a ta yarda wanda bai sani ba ya bi wanda ya sani, kuma Suratun Nahli, aya ta 43, ta ce ku tambayi ma'abota sani idan ba ku sani ba. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta a farkon Ahalari cewa bai halatta mutum ya aikata wani abu ba sai ya san hukuncin Allah a kansa, kuma ya tambayi malamai. Amma dalilin bin shi ne sani. Shahara daban, sani daban. Ɗan kokowar da ya ɗauko takobi ya kawo mana Damagaram, gari duka zai fita taryensa, amma ba wanda zai miƙa masa majinyaci ya ce ya rubuta magani. Mawaƙinka gwani ne a waƙa, wannan ba a musu. To daga ina ya san wanda ya ci amanar ƙasa? Ya ga takarda? Ya zauna a kotu? Ko shi ma turo masa aka yi a waya kamar yadda ka tura wa danginka?

Kuma kada mu malamai mu cire kanmu daga wannan hukunci. Malamin da ya hau mumbari ya ce wane ya fi wane iya mulki, ra'ayinsa ya faɗa, ba wahayi ba. Idan ya kawo aya ko hadisi a kan haramcin zalunci ko cin dukiyar jama'a, wannan addini ne, dole a karɓa. Idan ya koma lissafin wa ya dace da kujera, ya shiga fagen da ake karɓa a kuma mayar. An ruwaito daga Imamu Malik cewa kowa ana ɗaukar maganarsa ana bari, ban da mai wannan kabari, yana nufin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Idan haka ne matsayin mai rawani, ina ga mai kiɗa?

Ba na cewa haramun ne shahararre ya yi maganar ƙasa. Ɗan ƙasa ne, yana da baki kamar kowa. Hassanu ɗan Sabit da waƙa ya kare Musulunci, kuma Annabi da kansa ya ƙarfafa shi, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslim. Ƙarshen Suratush Shu'ara'i ya zargi mawaƙan da ɓatattu ke bi, masu faɗin abin da ba sa aikatawa, sannan ya ware waɗanda suka yi imani suka aikata na gari. Sai dai wanda dubban mutane ke saurare, nauyinsa ya fi na mai hira a bakin shayi, gwargwadon yawan kunnuwan da maganarsa ta shiga. Idan kuma biyan sa aka yi ya ɓoye, ya haɗa da ha'inci. Ban ce an biya naka ba, ban da hujjar faɗin haka. Abin da nake tuna maka shi ne a fiƙihunmu na Malikiyya ba a karɓar shaidar wanda ke jawo wa kansa amfani da shaidar, ko da mutumin kirki ne. Ka auna maganar duk mai cin abinci da yabo da wannan ma'auni.

Manyan garin nan sun ga abin da ya ishe su darasi. Bayan taron ƙasa na 1991 jam'iyyu suka cika Nijar, kowace da makaɗanta da maroƙanta. A 1993 aka zaɓi Mahamane Ousmane, ɗan Damagaram, sojoji suka kifar da shi a watan Janairun 1996. Aka yi ta juyawa har zuwa juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sannan a watan Maris na 2025 aka rushe jam'iyyun baki ɗaya. Kowane zamani ya zo da waƙoƙinsa, kuma da kiɗa ya sauya rawa ta sauya. Amma gidajen da aka yi gaba saboda waɗancan waƙoƙi, wasu har yau ba su shirya ba. Ka tambayi iyayenka. Ka kuma tambaye su Juma'ar 16 ga Janairun 2015, ranar da fushi kan zanen ɓatanci ga Annabi ya rikiɗe ya zama ƙone-ƙonen majami'u da cibiyar al'adun Faransa a garin nan, har aka rasa rayuka. Fushin yana da dalili. Amma wanda ya cinna wuta a dukiyar maƙwabcinsa don ya ga jama'a sun nufi can, ba jama'a za a tambaya a madadinsa ba.

Yanzu sai mu rarrabe abin da ka yi. Ra'ayin da ke zuciyarka, cewa wannan tafiya ta fi waccan alheri ga ƙasa, abu ne na nazari, mutanen kirki suna saɓawa a kansa. Idan ka bincika iyakar iyawarka, ka ji ɓangare biyu, ka nufi alheri, sai ka kuskure, babu zunubi a kanka, domin Suratul Ahzab, aya ta 5, ta ɗauke laifi daga kuskure ta bar shi a kan abin da zukata suka yi da gangan. Ko da ra'ayin ya zo daidai da na mawaƙin, ba komai, matuƙar za ka iya faɗin dalilinka ba tare da ka ambaci sunansa ba. In ba za ka iya ba, to ba ra'ayi gare ka ba tukuna, ƙauna ce.

Tura bidiyon kuwa wani abu ne daban, kuma a nan alhakin yake. Jifan mutum da cin amanar ƙasa ba ra'ayi ba ne, tuhuma ce da ke iya zubar da mutunci, ta kai mutum kurkuku, ta jefa iyalinsa cikin tsoro. Suratul Hujurat, aya ta 6, ta wajabta tantance labari kafin a cuci wasu mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Annabi ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Muslim ya kawo shi a gabatarwar littafinsa. Danna "tura" faɗa ne. Da hannunka ka ɗauko maganar ka kai ta zauren da mawaƙin bai san da shi ba, gaban goggonninka da ƙannenka, waɗanda don sun yarda da kai ne za su gaskata. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Abin da ya wajaba a kanka shi ne tuba, kuma tunda haƙƙin bayi ne, istigfari kaɗai bai isa ba. Ka goge bidiyon a duk inda ka sa shi. Ka koma fadarku da zauren dangi ka faɗa a fili cewa ka tura abin da ba ka tabbatar ba, kada a ɗauke shi daga gare ka. Idan a cikin waɗanda aka ambata akwai wanda za ka iya isa gare shi, ka nemi yafiyarsa, sai fa idan sanar da shi zai tayar da fitinar da ta fi ta farko. A nan wasu malamai sun ce ya isa ka roƙa masa gafara, ka kuma wanke shi a inda ka ɓata shi.

Batun yayanka kada ya kwana. Bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, kuma mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Ayyub. Wannan kuma ɗan'uwa ne na jini, kuma babba, kuma shi ne mai gaskiya a wannan magana. Ba sai ka sauya ra'ayinka na siyasa ya zama irin nasa ba. Ka je gidansa yau bayan Magariba ka gaishe shi, ka ce masa ka goge bidiyon.

Wallahu a'alam.