Amsa ga 'yar uwar da ƙanwarta ke fama da faɗuwar gaba

Wa'alaikumussalam 'yar uwa. Na ga tambayarki, kin ce ƙanwarki gabanta na yawan faɗuwa, numfashi ya sarƙe mata kamar za ta mutu, an duba zuciya an ce lafiya lau, likita ya tura ku wajen likitan ƙwaƙwalwa amma Mama ta ce sam, yarinyar da aka sa wa rana ba za a gan ta a can ba.

Ni na sha wannan ciwon, kuma dan Allah kar ki ga laifin Mama. Mu a Kano da an ce Dawanau, inda asibitin ƙwaƙwalwa yake, ba abin da ke zuwa ran mutum sai mahaukaci tuburan, haka Kware take a wajen Sakkwatawa, to tsoronta kar dangin miji su ji a ce gidan nan akwai taɓin hankali, abin ya shafi har ƙannen da ba su yi aure ba. Hatta dokar ƙasar nan ta 1958 kallon mahaukata take wa masu irin wannan lalura, sai a Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwa, to ina ga dattijuwa irin Mama a gida.

Abin da ya fi ci min rai lokacin shi ne masu cewa ki rage tunani mana, ki yi tawakkali, wai ƙarancin imani ne. Ina kan sallaya cikin dare hannuna na rawa, gumi ya jiƙa min hijabi, sai in fara zargin kaina ko ibadata ce ba ta karɓu ba, wannan zargin ya ƙara hura wutar ciwon. Alhali Manzon Allah (SAW) da kansa yana neman tsari daga hammi da hazan, wato damuwa da baƙin ciki, kuma ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ni ban bar azkar da ruƙiyya ba, na haɗa da asibiti.

Sai tsoron ƙwaya, ana cewa in ka fara shikenan ka zama ɗan maye. Wanda ake sabo da shi irin su diazepam ne da ake saya a kemis ba takardar likita, shi kam ta guje shi. Irin su fluoxetine da sertraline da likita kan rubuta don wannan ciwon daban ne, sukan ɗau sati 4 zuwa 6 kafin a ji sauƙi sosai, farkon ma za ta iya jin tashin zuciya, a nan da yawa ke watsarwa su ce bai karɓe su ba. Kuma ko ta warke ba a yankewa lokaci guda, likita ne zai rage mata a hankali. Akwai kuma zaman hira da masanin halayyar ɗan Adam, shi ya koya min jan numfashi a hankali da gane cewa abin in ya taso 'yan mintuna ne ya lafa, ba mutuwa ba ce.

Ki samu Mama ku biyu kawai, ko ki sa wani kawunku da take jin maganarsa. Ki faɗa mata manyan asibitocin koyarwa irin Malam Aminu Kano suna da ɓangaren likitocin ƙwaƙwalwa a cikinsu, ba kwanciya za a ba ta ba, ganin likita ne ta dawo gida. Ku roƙa a duba mata maƙoƙo da jini ma, don su ma suna kawo bugun zuciya. Gara a fara kafin biki, hidimar aure da sabon gida kan tayar da shi. Allah ya ba ta lafiya.