Amsa ga 'yar yayana: yokshayar da kika gani a hoto da maganar zuwa Ingila

'Yata, saƙonki ya iso, muryoyin da kika turo ma na saurare su duka. Abu biyu kika haɗa. Na farko, mene ne wannan abin da ya kumbura mai rami a tsakiya da kika gani a gefen nama a hoton teburinmu na hutun Kirsimeti, kuma yaya ake yin sa. Na biyu, tunda kin gama makarantar koyon girki a Kano har kina karɓar odar biki, in nemo miki hanya ki zo Lids, birnin da nake zaune a Ingila, ki yi aikin kicin kamar ni. Ba ke kaɗai kika turo irin wannan ba tun da na sa hoton, shi ya sa zan amsa a fili kowa ya karanta.

Sunansa Yorkshire pudding, a gidanmu yokshaya kawai muke ce masa. Babu sukari a ciki, da gasasshen nama da romo mai kauri ake ci. Kayan haɗinsa ƙwai ne da fulawa da madara da ɗan gishiri, shi ke nan. Kada ki sa yis, kada ki sa bekin foda, kada ki sayi fulawar da aka riga aka haɗa da abin tashi. Na san hannunki zai yi ƙaiƙayi, domin a gida an koya mana duk abin da zai kumbura sai an sa masa wani abu. Wannan tururi ne kaɗai ke ɗaga shi.

Ki fasa ƙwai 4 a kofi, ki duba inda suka tsaya. Ki juye su, ki auna fulawa daidai wannan gejin, madara ma haka. In madarar gari gare ki, ki dama ta da ruwa tukuna sannan ki auna. Ki tankaɗe fulawar, ki kaɗa ta da ƙwan har gudaji ya ɓace, sai ki riƙa zuba madarar kaɗan-kaɗan. Ƙullin ya fito tsararo, yana zuba daga ludayi ba tare da ya tsaya ba. Ki rufe ki ajiye aƙalla awa ɗaya. Ni da dare nake kwaɓawa in sa a firij, in fito da shi da safe, domin wanda ya kwana ya fi tashi, ya kuma fi ɗanɗano.

Inda ake faɗuwa shi ne wajen mai. Ki sami gwangwanin kek mai gida 12, ki zuba ƙaramin cokali ɗaya na mai a kowane gida, ki sa shi a obin mai zafin digiri 220 kamar minti goma, sai man ya fara hayaƙi. Kin san tandar waina, in ba ta yi zafi ba ƙulli ya kwanta ya sha mai ya kama. To nan ma haka ne. Ki fito da gwangwanin da sauri, ki zuba ƙulli da kofi mai baki har kusan rabin kowane gida. Ki ji ya yi cuu yana tafasa a gefe. In ba ki ji wannan ƙarar ba, ki dakata ki mayar da gwangwanin. Sannan ki rufe obin, minti 20 zuwa 25, kada ki buɗe, ko yaya zuciyarki ta matsa ki leƙa. Ruwan da ke cikin ƙullin ne yake zama tururi ya tura shi sama, ƙwai da fulawa su yi masa bango. In iska mai sanyi ta shiga kafin bangon ya ƙafe, a gabanki zai sace. A 2008 ƙungiyar masana kimiyyar sinadarai ta ƙasar nan ta ce wanda bai kai inci 4 ba bai cika yokshaya ba, kin ga yadda suka ɗauki abin.

Bota da man zaitun ba sa jure wannan zafin, ƙonewa suke. Mutanen nan da kitsen saniya suke yi tun asali, wasu da kitsen alade. Wanda ake sayarwa a manyan kantuna ba yankan Musulmi ba ne, don haka ni ko man girki nake sa wa, ko in karɓo kitse wajen mahautan halal na unguwar Harehills in narka da kaina.

Ranar taron iyali, wahalar ba a ƙullin take ba, a obin take. Guda ɗaya gare ka, ga cinyar rago tana so a gasa ta a hankali, ga dankali, ga yokshaya da ke son wuta mai ƙarfi. Yadda nake yi: nama ya gama tukuna, in fito da shi in lulluɓe ya huta, in ƙara wuta, yokshaya ya shiga a ƙarshe. Kafin ya fito na haɗa romon da ruwan da ya tsatso daga naman, yara sun zauna. Ba ya jiran mutum, mutum ne ke jiran sa.

Ina girmama wannan abincin domin na talaka ne. A da, tire ake ajiyewa ƙarƙashin naman da ke gasuwa a bakin wuta, kitsen yana ɗiga a kan ƙulli. Sunan ya fito a littafin girkin Hannah Glasse tun 1747. A gidajen masu aikin masaƙa da ramin kwal, shi ake fara ba wa yara da romo su cika ciki, don ɗan naman da aka iya saya ya ishi kowa. Har yanzu a gidan kula da tsofaffin da nake aiki akwai waɗanda suke so a kawo musu shi da farko, shi kaɗai da romo, yadda iyayensu suka saba musu.

Kin ga na ba ki duka, ban ɓoye komai ba. Yanzu ki saurari abin da hoton bai nuna ba.

Da na shiga kicin ɗin nan, da girkin da nake taƙama da shi tun ina gidan Hajiya, fere dankali da wanke tukwane aka ba ni, na daɗe a kai. Shugabar kicin ta lokacin daskararren yokshaya na leda take sayowa ta ɗumama. Da na ce zan iya kwaɓa sabo, sai ta ce wannan ba abincin da mutumin Afirka zai gane ba ne, a gaban ma'aikata ta faɗa. Maganar nan ta zauna min a rai. Sai wata Lahadi da mai girkin bai zo ba, aka rasa yadda za a yi, na kwaɓa. Wani dattijo da ya yi rayuwarsa a ramin kwal, wanda ba ya yaba komai, ya sa aka kira ni ɗakin cin abinci ya tambayi wa ya koya min. Daga ranar ni ke yin na Lahadi, kuma ina alfahari da hakan, domin ba wanda ya ba ni, ƙwata na yi. Amma albashina bai motsa ba, yana nan kusa da mafi ƙarancin da doka ta yanka, wanda ya koma fam 12.21 a awa a Afrilun 2025. Kada ki juya shi zuwa naira ki yi murna, ki fara cire kuɗin haya da na ɗumama ɗaki da haraji.

Daɗin hannu ba shi ake fara dubawa a nan ba. Takardar shaidar tsaftar abinci za a tambaye ki. Za ki soka ma'aunin zafi a nama ki rubuta a littafi ya kai digiri 75, abincin da ke jiran rabo kada ya sauka ƙasa da 63. Akwai abubuwa 14 da doka ta ce dole a bayyana in suna cikin abinci saboda masu rashin jituwa da su, kuma yokshaya kaɗai yana ɗauke da uku: alkama, ƙwai, madara. Ki ba wanda bai kamata ba, aikinki ya tafi, wataƙila har da ran mutum.

Sai maganar alade, wadda ba mai gaya muku. Karin kumallon gidajen nan da shi ake yi. Ranar Kirsimeti akwai 'yan tsiran alade da ake naɗewa da wani yankan aladen a jera kusa da talotalo, tire-tire. Ko ba ki dafa ba za ki wanke tiren. Ki zauna da malaminki ki tambayi hukuncin tun kina gida, kada sai kin tsaya gaban bahon wanke-wanke da haya a wuyanki.

Ranar 25 ga Disamba kuwa sunana ne ke fara hawa jadawalin aiki, wai ai ku ba kwa biki. Jirgin ƙasa ba ya tafiya ranar, bas ma kusan babu, tasi ta ƙara kuɗi kuma daga aljihuna. Na fita cikin duhu na dawo cikin duhu, domin rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, kafin huɗu an yi magariba. Amma in Sallah ta zo, sai na roƙa daga cikin hutuna na shekara, ga jadawali an rubuta shi makonni kafin a ga wata. Na sha yin Idi ina fere karas. Teburin da kika gani washegari ne, 26 ga wata, ranar da ni da Abban yara da yaran muka samu muka zauna tare. Kuma abin da ya fi ƙona min rai daga gida ya zo: 'yan'uwan da suka ga hoton suka ce na zama Baturiya, muna bikin Kirista. Yarana a makaranta suka fara cin wannan abincin suka dawo suna nema. Na gwammace su ci shi a gabana da naman da na san wanda ya yanka, mu yi bisimilla, in sun gama mu yi salla. Da Babbar Sallah ma shi nake yi musu, ga tuwo da miyar kuka a gefe.

Batun hanya, ba ni da ita. Ni a kan takardar Abban yara na shigo, lokacin da doka ta yarda. Aikin mataimakiyar kicin ba ya cikin waɗanda ake ba wa biza. Ƙofar masu kula da tsofaffi da mutane suka yi ta bi, a Maris 2024 aka hana su kawo iyali, a Yulin 2025 aka rufe ɗauko sababbi daga waje gaba ɗaya. Duk ejan da ya ce miki zai sayar miki da takardar ɗaukar aiki, ɓarawo ne. Na ga waɗanda suka biya miliyoyi suka iso babu aikin, suna kwana a falon mutane.

Abin da ya rage miki karatu ne, shi ma ki san iyakarsa. Awa 20 a mako ce iyakar aikin ɗalibin digiri lokacin zangon karatu. Bizar ɗalibi ta hana sana'ar kai, wato odar meat pie da cincin da kike lissafin za ki riƙa yi daga ɗaki ki biya kuɗin makaranta, laifi ne da zai iya sa a soke bizar. Kuɗin asibiti kaɗai fam 776 ne a kowace shekara, a dunƙule ake biya kafin ki taso. Kuma tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na kwas ba ya zuwa da miji ko 'ya'ya, sai mai bincike. Kin ce an sa ranarki, to ki sa wannan a lissafi.

Na ji Yaya yana maganar sayar da filinsa na Kumbotso. Ki gaya masa na ce ya dakata, zan kira shi ranar hutuna. In wata makaranta ta turo miki takardar gurbi, ki turo min hotonta in duba sunanta a jerin da gwamnatin nan ke wallafawa na masu lasisin ɗaukar ɗalibai, kafin a biya ko sisi.