Ɗana, ga amsar tambayarka kan ruhe tabki da sun bazara

Assalamu alaikum ɗana, ya karatu, ya zahin Yamai? Na ga saƙonka na WhatsApp, ka ce kana kallon Turawa a YouTube suna kamun kihi a tabkunansu daga watan Maris zuwa Mayu, wai lokacin ne kihi ke matsowa bakin gaɓa, kana tambaya ko mu ma haka abin yake, kuma mi ya sa a gida sarkin ruwa ke hana mutane shiga tabki wata da watanni sai bazara ta yi a buɗe, ilimi ne ko camhi ne kawai na tsohhi. Wallahi tambayar ga ta yi mini daɗi, don yaran yanzu kihi a faranti kawai sunka sani, to zamna ka karanta da kyau, zancen na da tsawo.

Na farko dai kada ka ɗauki kalandar Turawa ka aza ma ruwanmu. Su can ƙanƙara ce ke ruhe musu tabki da hunturu, in ta narke ruwa ya fara ɗumi sai kihi ya taso daga zurhi ya zo wurin da ba zurhi ya yi ƙwai, shi ya sa suke samun shi a baki. Mu nan a waɗannan watannin rana ce ke shan ruwa, zahi ya haura 40 a Afrilu da Mayu, tabki na ja da baya kullum kana ganin laka na tsagewa inda jiya ruwa yake. Mu ma muna samun kihi sosai a lokacin, amma dalilin daban ne, ruwa ne ya ƙanƙance kihi ya taru wuri guda ba shi da wurin gudu. Yawancin kihinmu ba zahin rana ke sa shi ƙwai ba, sabon ruwa ne, ruwan farkon damina. In ka riƙe wanga kaɗai to ka fahimci rabin al'adar.

Ka san Gulbin Maradi ba ya gudu duk shekara. Daga Najeriya yake shigowa, ta wajen Jibiya, ya bi ta ƙasar Madarunfa ya wuce Maradi da Tibiri da Gidan Rumji ya sake komawa Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Da damina kawai yake kawo ruwa, in ya cika ya yi ambaliya sai ya zuba cikin fadamu da tabkuna, shi da gulbin Gabi su ke ciyar da tabkin Madarunfa. To ranar da wanga jan ruwan ya shigo ya hau kan ciyawa, a daren nan tarwaɗa ke tasowa, garke guda, har bayanta kana gani a waje don ruwan bai kai gwiwa ba, ta zuba ƙwai ya manne a ciyawa ta juya ta tahi abinta, kwana ɗaya zuwa biyu ya ƙyanƙyashe. A daren nan ko yaro da sanda zai iya cika buhu. Kuma nan ne haɗarin yake, don duk wadda ka buge cikinta cike yake da ƙwai dubbai, ka ci miyar dare ɗaya ka kashe sun shekara. Tsohhinmu ba su yi lakwal ba amma sun fasa cikin kihi sun gani da idonsu wane wata ne yake da ƙwai wane wata ne babu, a kan haka sunka ce daga saukar ruwa ba mai jefa taru ba mai kafa kalli, ragar nan da ake bari cikin ruwa ta kwana, har sai ƴaƴan sun yi ƙwari.

Karfasa kuma nata salon daban ne, kuma ita ce na hi so ka lura da ita in ka zo. Namijin ne ke share wuri a rairayi inda ruwa bai da zurhi, ya haƙa ɗan rami zagayayye kamar akushi, ya tsaya yana gadi yana korar duk wanda ya matso. Macen ta zo ta zuba ƙwai ta kwashe shi cikin bakinta, haka za ta riƙe shi ba ci har ya ƙyanƙyashe, ko bayan sun hito in sunka ji motsi bakin uwar suke komawa. Shi ya sa in masunci na gari ya ɗago karfasa ya ga maƙoshinta ya kumbura sai ya maida ta ruwa a hankali. Ita ba ta jiran damina kaɗai, da sanyi ya sake ta ruwa ya yi ɗumi take farawa, to ka ga a nan ta ɗan yi kama da abin da ka gani wurin Turawa. In ka taka bakin tabki da sahe a ƙarshen ɗari ruwa ya kwanta za ka ga ramukan nan jere, kada ka bi ta kansu, kada ka bari yara su ja gidan sauro a wurin.

Gaiwa kuwa ka san labarinta, in tabki ya ƙahe sai ta nutse cikin laka ta naɗe jikinta da yauƙi ta bar ƴar ƙofa tana shan iska, wata da watanni tana nan har ruwa ya dawo. Da bazara masu nemanta da hauya suke zuwa ba da koma ba.

Yanzu zancen yadda ake kamun a kowane lokaci, tunda ka ce kana son ka gwada fatsa in ka zo hutu. Da ɗari, Disamba da Janairu, ruwa ya yi sanyi kihi ya yi nauyin jiki ya sauka ƙasa ba ya son ci, in ka sammako da asuba wahala kawai za ka sha, bari sai rana ta ɗaga hantsi ya yi sannan ka jefa. Da bazara kuma a juye yake. Ruwan zahi ba ya riƙe iska da yawa, da tsakar rana kihi na neman inuwa da rami, ƙarƙashin saiwar itace, gindin ciyawa, duk inda ƙasan ya ɗan zurma. Lokacinka shi ne daga sallar asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar sakaliya zuwa magariba. Tarwaɗa da ragon ruwa da ƙurungu ƴan dare ne, da gashin bakinsu suke laluben abinci ba da ido ba, shi ya sa abin da ke da wari ke jawo su, hanjin kaza, tana, har guntun sabulu wasu ke sa ma tarwaɗa kuma tana ci. Ka sa dalma ko ɗan dutse ƙugiyar ta kwanta ƙasa. Karfasa ƙaramar ƙugiya take so da tana ko ɗan curin tuwo, ka watsa dusa a wurin tun da wuri su taru, kuma ka yi shiru, inuwarka ma kada ta faɗa kan ruwan don tana da tsoro ƙwarai.

Giwan ruwa shi ne wanda Turawan naka za su yi hauka a kai da sun same shi, don a manyan ruwaye yana wuce kilo 100. Shi maharbi ne, kihi yake ci, ba ya kula tuwo, sai ka sa mashi ƙaramin kihi mai rai ka jefa wajen zurhi da igiya mai ƙwari. Amma ba shi da juriyar tarwaɗa ko kaɗan, tarwaɗa na da abin shaƙar iska a kanta tana iya daɗewa a laka, shi kuwa da ruwa ya lalace shi ke fara mutuwa. In ka ji an ce giwan ruwa ya yi ƙaranci a tabki to ka san tabkin ne ke cikewa da yashi.

Masu sana'ar kuwa ba fatsa suke dogara da ita ba. Akwai birgi da ake jefawa ya buɗe ya ruhe kihi, akwai kalli da ake kafawa da yamma a duba da asuba, akwai mamari mai ƙugiyoyi da yawa a igiya guda, akwai gura da ake sa ma dusa a nutsar, sai taru da jama'a ke ja. Za ka ga masunci ya kwanta kan ƙatuwar gora yana tuƙi da hannu yana bin kallinsa, kihin da ya cire cikin gorar yake jefawa. Masu kalli sun hi son daren duhu, in farin wata ya haska kihi na ganin zaren ya kauce. Kuma kowane kayan aiki da lokacinsa da wurinsa, ba a barin mai taru ya ja ta kan kallin wani, irin wanga rikicin duk sarkin ruwa ke raba shi.

To ga yadda buɗe ruwa yake a garinmu sanda muna samari. In kaka ta wuce an gama sussuka, ɗari ya wuce, ruwa ya ja har ya kai mutum zai iya tsayawa a mahi yawan wurare, sarkin ruwa zai shiga ya zagaya ya duba, ya je ya shaida ma mai gari, a sa rana, a yi shela a kasuwanni har ƙauyukan maƙwabta su ji. Ranar kowa ya zo da komarsa da gorarsa a jeru a baki, ba mai sa ƙafa a ruwa sai an yi addu'a sarkin ruwa ya ba da izini, sannan a ruga gaba ɗaya, makaɗa na kiɗa mata na guɗa, ruwan ya dame kihi ya rasa inda za shi. In an hito a hidda rabon mai gari da na liman, a aika ma tsohhi da gwauraye da gidan da ke da mara lahiya, ba gidan da zai kwana bai ɗora tukunyar kihi ba. Saura mata su ƙyafe shi a banda ya kai mu har cikin damina lokacin da hatsi ya yi ƙasa a rumbu. Ka duba hikimar lokacin, kihin ya samu wata shida ko hiye yana girma, aikin gona bai taso ba kowa na da sarari, kuma ƙananan tabkunan da ma ƙahewa za su yi, in ba a kwashe ba tsuntsaye ne za su ci. Bikin Argungu da kake gani a talabijin, wanda anka fara tun 1934, asalinsa wanga tsarin ne, a tsare ruwa a hana taɓa shi sai rana guda, kuma har yau koma da gora suke shiga da su.

Zancen camhi kuma ba zan ɓoye maka ba, akwai shi a da. Ƙasar Maradi an yi bori an yi tsahi, akwai masu yanka a bakin ruwa suna cewa suna ba masu ruwa haƙƙinsu, ana tsorata mutane cewa wanda ya saci kamun kihi iskoki za su kama shi. Wancan mun bar shi kuma barin shi ne daidai, Musulmi addu'a yake ya yi sadaka. Ko a Madarunfa abin da mutane ke girmamawa kaburburan waliyyai 99 ne da ake cewa suna kewaye da tabkin. Abin da ke ci mini rai shi ne samarin da sunka watsar da yanka sai sunka haɗa da dokar ruhe ruwan sunka watsar, alhali abu biyu ne daban. Hana kama kihi mai ƙwai ba tsahi ba ne, hana ɓarna ne, kuma addininmu ya hana ɓarna.

Ka ga abin da ke faruwa yanzu. Gidan sauron da anka raba don zazzaɓin cizon sauro shi wasu ke ja a ruwa, ya kwashe har ƴaƴan da ba su kai yatsa ba. A da masu mugunta magimfa suke dakawa su zuba, yanzu maganin ƙwarin gona ne, ya kashe babba da yaro da kwaɗi, shanu su sha mutane su ci. Gwamnati ta yi dokar kamun kihi tun 1998, ma'aikatan gandun daji ke ba da takardar izini kuma su ke kama mai zuba guba, amma ma'aikaci ba ya kwana a bakin tabki, mutanen gari ke kwana. Ga shi tun da anka yi dam ɗin Jibiya zuwan ruwan gulbi ya canza, ga yashi da ke gangarowa daga gonakin da anka sare ma itace yana cike tabkuna. Ruwan da ya ragu ai shi ya hi bukatar a tsare shi.

Wancan da ka ce Turawa na kamawa su ɗauki hoto su saki, kada ka yi musu dariya, mu dai don ci muke kamawa ba wasa ba, amma sakin ƙarami da mai ƙwai mun san shi tun kakanni.

In Allah ya kawo ka hutun ga, kahin ka jefa ƙugiya ko ɗaya za mu je ka gaida sarkin ruwa da ɗan goronka ka tambaye shi inda anka yarda a yi fatsa, haka ake yi ko kai ɗan gari ne. Ka sayo ƙugiyoyi ƙanana da manya da zaren roba nan kasuwar Maradi, gora da tana akwai su a gida. Kada ka shiga ruwan da ba ka sani ba kai kaɗai ko da ka ga bai da zurhi, laka na riƙe ƙafa, kuma ka rage yawan jiƙa a ruwan da ba ya gudu saboda tsargiya, in ka ga jini a hitsari ka tahi likita da wuri akwai magani. In ka kama ƙurungu ko tarwaɗa ka riƙe ta bayan ƙayar, sukar ƙurungu na hana mutum barci. Ka gaida mini abokan karatunka, innarka ma na gaishe ka, ka sanar da ni ranar da za ka shigo mota.