Kallon Shirye-shiryen Tauraron Ɗan'adam a Tabilet

Tambaya: Malam, muna da Canal+ a gida, amma lokacin da ake nuna shirin da nake so ina Kasuwar Dole. Shin zan iya kallonsa da dare a tabilet? Daga wata mai karatu a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Hajiya, za ki iya, muddin kuɗin watanki bai ƙare ba kuma shirin yana cikin waɗanda ake ajiyewa. Sai dai tabilet ba ta kama tauraron ɗan'adam kamar farantin da ke kan soro. Ta intanet shirin yake zuwa, bayan kin sauke manhajar Canal+ kin haɗa ta da rajistarki. Kallon awa guda yana iya cinye jiga 1 na datar intanet, don haka ki rage ingancin hoton, domin a ƙaramin allo bambancin kaɗan ne.