Tafkina Yana Yoyo, Yaya Zan Gano Inda Ruwan Yake Bi?

Tambaya: Malam, ina da tafkin ƙasa da nake kiwon kifi a ciki, kuma kwanan nan ruwansa yana raguwa da kusan santimita 8 kowace rana, alhali ban ga inda yake fita ba. Ina mafita?

Amsa: Malam, raguwar nan ta wuce abin da rana da iska suke sha, domin ko a lokacin tsananin zafi da wuya su kwashe fiye da santimita 1 a yini. A tafki mai faɗin murabba'in mita 1,000, kowace santimita lita 10,000 ce. Domin ka tabbatar, ka zuba ruwa a bokiti, ka ajiye shi a gefen tafkin, ka yi alama a jikinsa da kuma jikin wani turke da ka kafa cikin ruwa; bayan kwana biyu, duk abin da tafkin ya rasa fiye da bokitin, yoyo ne.

Daga nan ka daina ƙara ruwa, ka bar tafkin ya nuna maka da kansa, sai dai ka kwashe kifin idan ruwan ya yi ƙasa sosai. Inda ruwan ya tsaya cak, a daidai wannan layin ɓarakar take, sai ka zagaya gaɓa kana duba ramukan ƙaguwa, gafiya da gara, da gurbin saiwar bishiyar da ta ruɓe. A ganina, wurin da ya fi cancantar a fara zargi shi ne gefen bututun fitar da ruwa, saboda ƙasar da ke kewaye da shi ba kasafai take daɓuwa sosai ba. Da sassafe, kafin iska ta taso, ka barbaɗa dusa a wurin da kake zargi, za ka ga tana taruwa inda ruwa yake zurarewa. Idan kuwa ruwan bai tsaya ba sai da ya kai gindi, to ƙasan tafkin ne ya taɓo yashi ko tsakuwa, kuma maganinsa shimfiɗa yumɓu mai danshi, a riƙa daɓe shi santimita 15 bayan santimita 15.

Ka duba bayan bangon tafkin ma, musamman inda ciyawa ta fi kore ko ƙafa take nutsewa. Ruwan da yake tsattsafowa garau zai iya jiran gyara, amma idan ya fito da laka, yana cin bangon ne daga ciki, sai ka rage ruwan tafkin nan take, ka hana kowa tsayawa a ƙasan bangon, sannan ka kira injiniya.